Iskar Da Ba Mu Ƙara Ba A Bonkuku

Bazara ce, irin wadda ko da asuba in ka dafa bango sai ka ji shi da ɗumi. Shekarar tun daga kaka ta zo mana a takure. Hatsi bai cika rumbu ba, tiyar gero kullum sai hawa take, samari kuma sun tafi cirani tun ba a gama kai dami gida ba. Filinge ta koma garin tsofaffi da mata da yara. Duk wanda ka gaida zai ce da godiya, amma kana jin muryar ka san daga leɓe take. Ana cikin haka aka kira ni daga Yamai aka ce yayata za ta tafi.

Ita ta goye ni bayan rasuwar innarmu, ita kuma ta kai ni ɗakin miji. Yanzu ƙafa ta ƙi, kunne ya yi nauyi. Ɗanta da ke zaune Abijan ya zo ya ce zai tafi da ita, a can za ta ci gaba da zama. Da la'asar za su bar gida zuwa filin jirgi. Mu da muka kai waɗannan shekaru mun san abin da irin wannan tafiya take nufi. Ba a barin ta ta wuce sai an zauna gwiwa da gwiwa an yafi juna. A wayar talho kuwa ba ta ji, sai ka yi ta ɗaga murya tana tambayar wa ke magana. Dole sai ƙafa.

Mun tashi da asuba, ana fitowa daga masallaci. Wanda ya ɗauke ni mijin ɗiyata ta fari ne, a ƴar motarsa da yake ɗauko kayan shago da ita. Tun da aka ɗaura aurensu ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, ban taɓa kama sunansa ba. Abin da ke tsakaninmu gaisuwa ce, shi a durƙushe bakin ƙofa, ni daga cikin ɗaki. In ina da saƙo sai in ba wani ya kai. Ko wannan tafiya ta bakin matarsa ya ce zai kai ni, ni ma ta bakinta na yi godiya. Ita ba ta biyo mu ba, tana fama da tsohon ciki. Na zauna baya, daidai ƙeyarsa. Kafin ya tada mota ya kai hannu ya karkata madubin nan na tsakiya ya kalli rufi, don kada idonmu ya haɗu. Na ji daɗin haka a raina, na ce yaron nan an yi masa tarbiyya.

Ba kai tsaye muka nufi Yamai ba. Akwai ƴar kawuna, taubashiyata, a ƙauyen da aka haife mu, ita ma ta ce ko a kan rufin mota sai ta je ta yi bankwana. Ƙauyen yana can cikin kwarin nan da ake kira dallol, kuma daga inda aka bar kwalta rairayi ne zalla. A nan mai motar ya tsaya, ya fita, ya tsugunna gaban kowace taya da ɗan tsinke yana danna bakin da ake sa iska, tana fita tana huci. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurina. Na yi shekaru ina bin motocin kasuwa zuwa Sanam da busasshiyar kuɓewa da ƙuli-ƙuli, na ga direbobi suna yin haka. Taya in ta yi taushi sai ta baje tafinta bisa rairayi, motar ta bi ta sama ba ta nutse ba. Na kuma san sauran rabin aikin: da zarar an hau hanya mai tauri, kafin a ce komai, sai yaran mota su ciro famfo a mayar da iskar. Ban taɓa ganin an yi na farko an bar na biyu ba.

Mun tarar da taubashiyata tsaye bakin rijiya kamar mai jiran ango. Rabin buhun gero, ƙwaryar fura an ɗaure bakinta da zane, da zabo guda mai rai, ƙafafu a ɗaure.

Na ce, “Jirgi fa ba ya ɗaukar zabo.”

Ta ce, “To shi mai tuƙin jirgin ba ya cin nama ne? Matsa mini, baiwa, kin wani baje kamar ke kika sayi motar.”

Mace ce mai jiki, Allah ya ba ta. Da ta shiga, aka kuma ɗora geron a baya, na ji motar ta zauna. Rana ta ɗan ɗaga lokacin da muka fito daga rairayin muka hau kwalta. Na jira ya tsaya. Bai tsaya ba. Daga baya na san famfonsa wani maƙwabci ya ara bai maido ba.

Wanda bai taɓa shiga mota mai ƙarancin iska bisa kwalta ba, abin kamar tafiya ne a kan katifa. Ba ta tafiya sak. Sai ta ɗan ja dama, ya maido ta, ta ɗan ja hagu. In ya kauce wa rami, gaban motar ya kauce, bayanta sai ya yi jinkiri sannan ya biyo da lilo, har kafaɗata ta bugi ta taubashiyata. Ina ganin hannuwansa biyu a kan sitiyari, jijiyoyin sun tashi, kamar mai riƙe da sa a igiya. Daga ƙasa kuma wani sauti ne mai nauyi, ba irin shuuu ɗin nan na mota mai lafiya ba.

Muka shigo Bonkuku gari ya waye sosai. Ƙarshen lokacin dankalin turawa ne, ga shi nan tuli-tuli a bakin hanya, mata suna cewa a saya yau don gobe ba a san kuɗinsa ba. Ga albasa, ga ƴan mata da farantan ƙosai suna bin motoci. Can gindin wani itacen bedi ga mai faci, ya jera tsofaffin tayu, injin iskarsa yana ta tari. Mai motarmu ya rage gudu. Na ga kansa ya juya wajen bedin. Na buɗe baki, sai na ji harshena ya yi nauyi. Ni ce zan koya wa surukina tuƙi, a motarsa, a gaban mutane? Sai na sunkuya na raɗa wa taubashiyata, na ce ta ce masa tayun nan suna son iska.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Ke da ko jaki sai an riƙe miki? Bar yaro ya yi aikinshi. Mu dai mu isa mu iske ta.”

Da na maimaita, ko da na ɗan ɗaga murya yadda zai ji da kansa, da yanzu wani labari nake ba ku. Na gyara lulluɓi na yi shiru. Shi kuma ya ɗan jira kamar mai sauraron wani abu, sannan ya taka mota. Bedin ya wuce.

Bayan Bonkuku rana ta buɗe. Kwalta ta fara walƙiya daga nesa kamar an zuba ruwa. Gonaki fayau, sai kututturan kara da awaki suna tonon abin da babu. Wata babbar mota ta wuce mu, iskarta kawai ta ture mu har bakin hanya. Sai wari ya fara shigowa, warin roba mai zafi. Can wasu awaki suka tsallaka, ya taka birki, motar ba ta tsaya inda ya so ba, ta yi ta jan jiki tana karkacewa kafin ta amince. Ba mu yi nisa daga nan ba sai bayan motar ta gefena ya zauna ƙasa, muka ji lab-lab-lab.

Ya fito da tayar sukur, wadda ake ajewa a baya don irin wannan rana. Ita ma a kwance take, duk ta tsattsage don daɗewa. Muna tsaye ba inuwa sai ga wani dattijo bisa babur, mai fataucin dabbobi ne. Allah ya saka masa. Yana da ɗan famfon hannu da abin toshe huda. Suka gwada sukur ɗin, iska tana shiga tana fita ta tsagun, suka jefar da zancenta. Suka ɗaga motar, suka hura wadda ta sace, aka rasa inda take yoyo. Na ciro sabulun da na saya wa yayata, na miƙa wa taubashiyata, ta miƙa musu. Suka kaɗa shi da ruwa suka shafa, sai ga kumfa tana tashi a wuri guda. Ƙusa ce, ta shige har kai. Dattijon ya zare ta, ya rarake hudar da wani ƙarfe kamar basilla, ya cusa wata igiyar roba mai danƙo da suke kira mesh, ya yanke abin da ya yi saura. Kumfa ta daina.

Suka yi ta bugun famfo su biyu, gumi har gwiwar hannu. Famfon babur ne, ba na mota ba. Suka cika mai hudar iya ƙarfinsu, sauran ukun aka ɗan taɓa su kawai, don dattijon ma ana jiransa. Kafin ya hau babur ya shafa gefen tayar gaba, ya janye hannu da sauri. Akwai wani kumburi a jikinta kamar ƙwan kaza.

Ya ce, “Ɗana, abin da na sa maka na kai ka wurin mai faci ne, ba na kai ka Yamai ba ne. Wagga ta gaba kuwa ta riga ta dahu. Ka bi ta sannu.”

Da farko sannu muka bi. Na dubi inuwa na ga azahar ta gabato, amma na lissafa a raina cewa ko a haka za mu iske su. Sai talhona ya yi ƙara. Ɗan yayata ne. Talhon nawa irin mai ƙarar nan ne, duk wanda ke motar yana ji.

“Inna, kuna ina? Tsohuwa tun safe take zaune bakin ƙofa da mayafinta. An kawo abinci ta ce sai kin zo ku ci tare.”

Na ce ga mu nan tafe. Ban ce wa mai motar komai ba, shi ma bai ce ba. Amma na ji ƙafarsa ta ƙara nauyi. Itatuwa suka fara wucewa da sauri. Na ji lilon ya dawo, na ji warin ya dawo, na tuna maganar dattijon sarai. Wannan karon ba kunya kaɗai ta rufe mini baki ba. Ni ma so nake ya yi gudun.

Ƙarar kamar an harba bindiga. Motar ta fizge zuwa dama, ta bar kwalta, ta gangara cikin gona. Na ga ya rungume sitiyari da ƙirjinsa, bai danne birki ba, ya bar ta tana rage gudu da kanta har rairayi ya riƙe ta kusa da wani gawo. Muna ta salati. Da ƙura ta lafa na duba, ba wanda ya ji ciwo. Fura ce ta wanke taubashiyata daga ɗankwali har ƙafa. Zabon kuwa igiyarsa ta kwance, ya fita ta taga, ko waiwaye bai yi ba.

Ta bi shi da kallo ta ce, “Shi dai ya riga kowa hawa jirgi.”

Ba wanda ya iya dariya sai ita, ita ma ba ta kai ƙarshe ba.

Tayar gaba ta yage daga gefe, tsagar ta kai tafin hannu. Irin wannan ba mesh ɗin da ke toshe ta. Ba sukur, ba famfo, motocin da suka wuce kuma cike suke har rufi, ba mai wurin mutum ko ɗaya. Mutanen wata ƴar tunga da ke kusa suka fito, Zabarmawa ne. Matansu suka kawo mana ruwa da kwanon kopto, kwaɗon zogalensu, suka shimfiɗa mana tabarma gindin gawon. Wani tsoho cikinsu ya ce akwai dabarar da suke wa tayar amalanke. Suka ciro tayar, suka ɓanɓare bakinta da ƙarfe, suka yi ta cusa busasshiyar ciyawa da tsummoki da guntayen tsohuwar tabarma suna dannawa da taɓarya. A bazarar bana ciyawa ba abin wasa ba ce, daga bakin dabbobinsu suka ɗebo ta, kuma ko tambaya ba su yi ba. Aka mayar da ita baya, aka kawo ta baya mai lafiya gaba.

Suna cikin aikin, mai motar ya zo ɗaukar ruwa. Ya durƙusa nesa da tabarmar, ya ba ni gefe. Taubashiyata ta ce masa, “Kai kuwa ɗan nan, ba ka ga mai faci ba a Bonkuku?”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, “Na gan shi, Inna. Na so in tsaya. Sai na ga in na tsaya sai an sauko da su, su tsaya a rana cikin kasuwa ana kallo, ga shi suna sauri. Na ji nauyi. Na ce in sun yi magana in tsaya.”

Su ɗin nan ni ce. Ashe a gindin bedin nan ni yake saurare, ni kuma ina jiran ya yi da kansa. Taubashiyata ta juyo ta dube ni. Na ce, ba ta bakin kowa ba, “Na gani ni ma. Ban faɗa ba.” Bai ɗago ba. Ya ce, “Allah ya huci zuciyarku, Inna.” Ya tashi ya koma wurin motar.

Tayar ciyawa tana tafiya, amma tafiyar tsohuwa mai sanda. Motar tana ɗingishi, kowane juyi sai ta buga. In an ɗan jima sai a tsaya a zuba mata ruwa don kada ciyawar ta kama wuta. Amalanken jaki ya wuce mu, mai shi ya yi mana sannu. Na yi ta kallon inuwar motar tana tsawo a gefen hanya. Ban ƙara duba talho ba.

An idar da la'asar muka shiga Balleyara. Muna tsayawa wurin mai faci na kira. Sun riga sun isa filin jirgi, ana kiran su su shiga ciki. Na roƙi ɗan nata ya kara mata talhon a kunne. Hayaniya ta cika wurin.

“Yaya, ni ce. Yaya!”

“Wa ke nan?”

“Ni ce, ƙanwarki. Mota ce ta lalace mana. Ki yafe mini, Yaya.”

Na ji ta janye kai tana tambayar ɗanta, “Ba ta zo ba?” Ya ce mata wani abu da ƙarfi. Sai na ji ta ce, “To. Ku ce mata na jira.” Daga nan ya ce dole su shiga, zai kira in sun sauka.

Na zauna kan wata tsohuwar taya. Mai facin ya ciro wadda aka sa wa mesh, ya buɗe cikinta ya nuna wa mai motar. Baƙin gari ne a ciki, cike da hannu, kamar an daka gawayi. Ya ce robar ce ta ci kanta. Taya in ba iska, gefenta yana lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, har ya yi zafi ya saki, ko ba ƙusa ko ba ƙaya. Ya ce da an tsaya an hura su tun da aka hau kwalta, ko shan shayi ba za a gama ba an gama. Na so a ce da Zabarmanci ya faɗa, yadda ba zan ji duka ba.

Ba mu ƙarasa Yamai ba, ba wanda za mu iske. Aka sa tayu biyu na hannu, aka cika duka huɗun, muka juyo don kada dare ya same mu a hanya. Motar ta miƙe sak, ba lilo, ba wari, hannunsa ɗaya ma ya isa. Wannan lafiyar tata ta fi komai yi mini ciwo. Muka sauke taubashiyata a bakin kwalta, ɗanta ya zo da amalanke ya ɗauke ta da geronta. Ta riƙe hannuna ta taga ta ce, “Ni na hana ki.” Na ce mata bakina a jikina yake. Bayan magariba muka shiga Filinge.

Abin da na ɗauko daga wannan tafiya ba shi da yawa. Wanda ya rage iska don rairayi, ya mayar da ita kafin ya taka kwalta, kuma ya duba sukur ɗinsa kafin ya bar gida. Mesh da ciyawa suna fitar da mutum daga daji, ba su kai shi inda ya nufa, kuma ba a gudu a kansu. Sauran kuwa nawa ne. Ban ce a bar kunya ba, da ita aka raine mu, kuma ina son ta. Amma mota ba ɗaki ba ce. In ka ga abin da zai kada ku, ka faɗa, ko wane ne ke riƙe da sitiyari.

Da safe, bayan na sha kunu, na yafa mayafi na tafi gidansu da ƙafata, gidan da ban taɓa shiga ba sai in ba ya nan. Na tarar da shi tsakar gida zai fita shago. Ya yi zumbur zai shige ɗaki, na ce ya tsaya, wurinsa na zo. Na ce na ji talhonsa yana ɗaukar magana a aika, wanda aka aika wa ya yi ta saurare har sai ya ji. Ya ce haka ne. Na zauna kan tabarmarsa. Ya durƙusa, ya miƙo talhon kusa da bakina, ya kau da fuskarsa wajen bango. Na faɗa wa yayata duk abin da na tanada zan faɗa mata gwiwa da gwiwa, da ƙarfi, kalma bayan kalma, yadda kunnenta zai ɗauka. Na yi kuka a ciki, yana ji. Hannunsa ya gaji ya canza ɗayan, bai sauke ba sai da na ce na gama.